Ranar da Atika Ta Daina Wasa da Taubashinta

Duk mai cin kwaɗon zogala a unguwar Zariya ta Maraɗi ya san Atika, ko bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai wushirya da ke sauka daga motar Jiratawa da buhu a ka, ta bi gidajen Alhazan Maraɗi ƙofa-ƙofa tana auna ganye da kwano. A Tsibiri aka haife ta, aure ya kai ta Jiratawa gidan Ya'u, manomin rani, mutum mai ƙarancin magana. Ita kuwa da can baki ne sana'arta ta biyu. Ba ta shiga gida ta fita ba a yi dariya ba.

Wanda ya fi shan bakin nan shi ne Abdurrazak, ɗan kawunta, taubashinta. Ita ta goya shi yana jinjiri. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya tafi Yamai, ya dawo likita, ya auri Khadijatul Kubra ɗiyar Alhaji Chaibu ɗan kasuwa, har surukin ya gina masa ɗan asibitin kansa a Zariya. Duk da haka a wurin Atika sunansa Mai-majina. A gaban kowa take faɗi, shi kuma ya rama da "baiwar gidanmu". Al'ada ta ba su wannan izini: tsakanin ɗan namiji da ɗiyar mace ba a fushi, ba a jin kunya.

Haihuwarta ta bakwai ce ta kusa tafiya da ita. Jini ya ƙi tsayawa, ƙafafu suka kumbura, aka ce hawan jini. Ungozomar asibitin ƙauye ta ja ta gefe ta ce wani cikin nan kusa zai iya zama ajalinta. Akwai ƙwayar hutun haihuwa da ta dace da mai irin ciwonta, amma sai likita ya duba ta ya rubuta.

Atika ta kai maganar wurin Ya'u yana wanke laka a ƙafa. Ya daɗe yana cuɗa dunduniya.

"Ni ban yi karatu ba," ya ce. "Abdurrazak likita ne, kuma malami ne, kuma jininki ne. In ya rubuta da hannunsa, na yarda. In ba shi ba, kada ki kawo mani takardar kowa."

Ta ji sanyi a ranta. Mai-majina ne fa.

Ta same shi da hantsi, ta ajiye buhunta a bakin ƙofar ofis. Da yake maganar ta ɗaki ce, sai ta naɗe ta cikin wasa.

"Mai-majina, tashi ka yi wa uwar ɗakinka aiki. Gonar ta gaji, a bar ta ta huta."

"Baiwa ba ta hutu," ya ce yana dariya. "Ki gaya wa Ya'u ya rage ban-ruwa."

Suka yi dariya tare. Ta jira ya ɗauki biro, bai ɗauka ba. Sai ta gane ya fahimce ta sarai, wasan ne ya samu ya laɓe a bayansa. Ta gyara zama.

"Abdurrazak, ba wasa nake ba. An ce in na sake yanzu, mutuwa zan yi."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya san lafiyarta, ya kuma san akwai malaman da suka halatta. Amma shi ya yi wa Allah alkawari hannunsa ba zai rubuta abin da ke tare zuri'a ba. Bai hana ta ba, likitoci sun cika gari.

"Ya'u ya ce sai kai."

"To ni ba mufti ba ne."

"Amma in ka ƙi, ai ka yi fatawa ke nan. Khadija fa? Tsakanin ɗanku Bilal da ƙanwarsa har yaro ya shiga lakwal. Iska ce ta tsare?"

"Wannan daga Allah ne."

Ta yiwu gaskiya ya faɗa, Atika ba ta taɓa sani ba. Abin da ta sani shi ne a masallacin unguwa Abdurrazak na tsayawa kafaɗa da kafaɗa da surukinsa, kuma Alhaji Chaibu kan nuna shi ga baƙi ya ce ga likitan da boko bai ɓata ba. Ta san kuma bakinta. Abin da ya shiga kunnen Atika da safe, kafin la'asar ya zaga Zariya cikin kwanon zogala. Da wata ce can daga nesa wadda ba ta san kowa ba, wa ya sani ko da ya rubuta? Tsoron Allah na nan a zuciyarsa, ba ta musa ba. Sai dai akwai wani tsoron zaune kusa da shi, shi kansa bai iya raba su.

Ya auna jininta, ya ba ta maganin hawan jini kyauta, ya ce ta rage gishiri.

Ta gwada hanyar kakanni. Ta ɗauki jaririyarta ta koma Tsibiri da niyyar zama har yaye. Amma gyatumarta ta rasu, ɗakin ya zama na matar wanta, kuma 'ya'ya shida na Jiratawa ba mai dafa masu. Zogala ma ba ta jira, in ba a yanka ba ta tsufa. Ya'u ya zo biko kamar wadda ta yi yaji, ya tsuguna a zaure yana tambayar laifin da ya yi. Ba shi da laifin da za ta iya faɗi a gaban maza. Ta bi shi.

Kafin yarinyar ta fara tafiya, ciki ya fito. Matan bakin rijiya suka yi ta zolayarta da kwanika, wai tsofai-tsofai da ita. Ta rama masu daidai, suka yi shewa. In ta koma ɗaki sai ta danna yatsa a ƙafarta, ta zuba ido ga ramin da ya ƙi cikewa.

A gona ta faɗi, rana tsaka, tsakanin kunyoyin zogala. Aka ɗauko ta cikin jini zuwa babban asibiti a Maraɗi, aka kira Abdurrazak, ya zo da gudu, ya shiga ɗakin fiɗa tare da masu aikin. Kowa ya shaida ya yi iya ƙoƙarinsa, har jininsa ya bayar. Ɗan, namiji ne, bai zo da rai ba.

Da ta farfaɗo, ya tsaya a kanta idanunsa jajir.

"Sai da muka cire mahaifar gaba ɗaya. Larura ce, addini ya yarda."

Ta dube shi. Hannun da ya ji tsoron ƙwaya mai girman ƙwayar gero, shi ne ya sa hannu aka tumɓuke komai, kuma a wannan karon lamirinsa bai tsaya masa a wuya ba. Ta so ta faɗi haka. Ta nemi sunan nan da take kiransa da shi tun yana bayanta, ta tarar babu shi a bakinta. Ta juya fuska ga bango.

A masallaci aka yi ta yaba masa, wai ya ceci 'yar'uwarsa. Ya'u ya kai masa buhun albasa.

Da Sallah dangi suka taru gidan kawu a Tsibiri. Abdurrazak na shigowa ya hango ta zaune gindin bedi, itacen dogon-yaro, ta rame, wushiryar a rufe.

"Baiwar gidanmu, an tashi? To a kawo wa maigida ruwa."

A tsakar gidan ana jiran ramuwa, wasu har sun fara murmushi. Atika ta miƙe a hankali, hannu ɗaya dafe da ɗinkin cikinta. Ta ɗebo ruwa a moɗa, ta zo gabansa ta durƙusa har ƙasa.

"Likita, ina wuni. Ya aiki? Ya iyali?"

Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta mutu a hanya.

"Atika, ni ne fa."

"Na sani, ranka ya daɗe."

Har yau tana kai zogala gidansa. Ta yi sallama daga ƙofa, ta auna wa Khadijatul Kubra kwano cike, ta gaida Likita da ladabi in yana nan, ta ɗauki buhunta ta wuce gida na gaba.