Kawu Mai Feshi Ya Koyi Magana

Kawu Mai Feshi ba mutum ne mai magana ba, kuma aikinsa bai taɓa neman hakan daga gare shi ba. Tun yana saurayi yake tuƙa ƙaramin jirgin feshin maganin ƙwari, mai kujera ɗaya da inji ɗaya, yana bin gonaki ƙasa-ƙasa, yana kauce wa wayoyin lantarki. A can sama ba shi da abokin hira sai fara. Matarsa takan ce ita dai ta auri inji, sai dai shi injin yana ƙara.

Da kamfanin jiragen fasinja ya kira shi horo, cewa suka yi gogewarsa suke so. Ya ajiye aikin feshi, aka ba wani kujerarsa tun kafin ta huce. In ya faɗi horon, ba shi ga tsuntsu ba shi ga tarko.

Horon a cikin wani akwati ake yi, mai ƙafafun ƙarfe, da ke kwaikwayon jirgi har da jijjiga. Aka haɗa shi da wani matuƙi sabon fitowa daga makaranta, inda tun ranar farko mutum biyu ke tuƙi. Dokarsu ita ce kafin ka taɓa abu ka faɗa, ɗan'uwanka ya duba ya ce ya tabbatar. Kawu ya sa wa sabon matuƙin suna Aku.

Malamin horon kuwa kullum yabo. "Kyaftin, hannunka sai kai." Yana ganin Kawu na aiki shiru, makonni suna wucewa, bai ga dacewar ya gyara wa babba ba. Mutum ne mai ladabi ƙwarai. Ya adana maganar sai ranar jarrabawa.

Ranar, aka kunna musu gobarar ƙarya a injin hagu. Aku ya buɗe baki zai fara jero matakai, Kawu ya riga ya kashe injin. Ya sauke jirgin lami lafiya.

"Wane injin ka kashe?" in ji malamin.

"Wanda ya kama wuta."

"Wa ya tabbatar maka?"

"Malam, ga mu a ƙasa."

"Da mai lafiyar ka kashe fa?"

"Tunda nake ban taɓa kashe injin da ba shi ba."

"Ai guda ɗaya ne da kai, Baba," in ji Aku, a hankali.

Malamin yana da gaskiya, abin haushin ke nan. Gaskiya ce da za a iya faɗa a makon farko, a kan kofin shayi, Kawu ya ji zafi ya gyara. Mutanen kamfanin sun ɗauki mutumin da ya tsufa yana tashi shi kaɗai, suka yi ta tafa masa, sannan suka kore shi don ya saba tashi shi kaɗai. Aku ya ci jarrabawar, kuma ya cancanta.

Yanzu Kawu yana gida. Ya koyi darasin, ya ƙi ya ajiye shi.

"Zan ɗauki buta," yakan ce, ya tsaya ƙerere a tsakar gida, fuska a murtuke.

Da farko matarsa dariya ta yi. "Maigida, ɗauki abarka mana, wa ya hana ka?"

Bai motsa ba. Ta dube shi da kyau, ta daina dariyar.

"Na tabbatar," ta ce.

Sannan ya sunkuya.