Ranar da Kakata ta Gane Muryarta a Fim

"Maido min wurin nan!" in ji kakata Inna, tana nuna wayar ƙanwata da sanda.

Jiya ne a Kalgo. Fim ɗin barkwanci ne da na ɗora wa murya, ni ne tsohuwa mai faɗa. Kuma wallahi muryar Inna na sata, har da tarinta. Ita kuwa duk zatonta aikin ofis nake yi.

Ƙanwata ta maido mata wurin.

Inna ta saurara, ta dube ni, ta taɓe baki. "Maigida, wanga tari ba nawa ba ne. Ni sau biyu nike yi, in ce wash."

"Inna, ba ki yi fushi ba?"

"Fushin mi? Ubana ɗan kama ne, shi ke ba Gwandu dariya farkon zuwan Turawa. Kwana ukku yake bin mutum kafin ya kwaikwaye shi, har matar mutumin ta amsa daga ɗaka. Kai shekara talatin kana gabana, tari ya gagare ka!"

Har la'asar tana koya min tari.

Ashe gado nake ɓoye wa masu shi. Ku wace sana'a kuka taɓa ɓoye wa gida?