Fatar Cinya a Tafin Hannu

Bandar kifi ce sana'ata tun ina budurwa, a bakin ruwa nan Yelwa. Ranar da abin ya faru ƙafata ce ta zame, na dafa wayar banda da hannun dama, ita kuwa ta yi jajir.

A wurinmu maganin ƙuna na maƙera ne. Aka kira tsohon maƙerin unguwa, ya yi tofi, ya barbaɗa gashin zomo, ya dunƙule mini hannun ya ɗaure da tsumma. Ciwo ya warke kam, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma da aka kwance, yatsuna sun manne da tafin hannu. Ko kifi ɗaya ba na iya juyawa. Mahaifiyata ma da hagu nake miƙa mata abu, kullum ina jin kunya.

Likitan da na gani a Sakkwato ya ce zai raba yatsun, ya yanko fata daga cinyata ya shimfiɗa a wurin, ta kama ta zama ɗaya da naman.

Da na kawo maganar gida, Inna ta tafa hannu. "Ke 'yar nan, a yanki wuri mai lafiya don a liƙe mai ciwo? Ke kwale-kwale ce da za a yi miki faci?" Yayana, masunci, ya ce haka Allah ya so ni, in yi haƙuri.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Inna, jirgin da aka yi wa faci har Shanga yake zuwa ya dawo. Kai kuma Yaya, ɗaure hannun damanka ka je jan tarun kifi, ka dawo ka koya mini haƙurin."

Na tafi aka yi aikin. Cinyar ta fi hannun zafi, wallahi har kuka na yi. Wata da watanni ina murza tafin da man kaɗe, ina miƙar da yatsu ina cije haƙora.

Fatar ta kama, sai dai baƙa ce ƙirin a tsakiyar tafi. Wata a kasuwa ta ce in riƙa yin ƙunshin lalle ya rufe. In rufe me? Sato ta na yi? Daga jikina aka ɗebo ta.

Ranar da na koma banda na zaɓi ƙatuwar tarwaɗa, na juya ta da kaina har ta gasu, na kai wa Inna. Ta daɗe tana kallon tafin nan a buɗe. Ban janye ba, da dama na miƙa mata, ta karɓa.