Adana Mani, Gobe In Ƙarasa

Shagona yana bakin titi a Kankiya, inda nake buga wa mutane takardu ina yi musu fotokwafi. Aikin na safe ne. Da an yi azahar sai kasuwa ta mutu, in zauna daga ni sai fanka sai wata tsohuwar laftof da batirinta ya daɗe da rasuwa. A irin wannan zaman ne na ɗauko abin da ba wanda ya aike ni: na ce sai na rubuta babbar manhaja tawa ta kaina, wato wadda kwamfuta ke tashi da ita kafin komai ya yi aiki a kanta. Ba don sayarwa ba. So nake kawai in kunna na'ura in san duk abin da ya motsa a cikinta ni na ce ya motsa.

Ranar da ta fara tashi, baƙin allo ne da kalma guda a kai, "sannu". Na nuna wa taubashina, ɗan gwaggona, wanda ke koyar da kwamfuta a wata makaranta a Kusada. Ya leƙa ya ce, "Duk wahalar nan don ta gaishe ka ce? Ai da ka hwaɗa mani, da na riƙa zuwa ina gaishe ka kyauta." Haka muke da shi tun muna yara, ba ya buɗe baki ya faɗa mini magana a miƙe, ni ma ba na raga masa. Amma bai tafi ba sai da ya kwashi aikin a filash ɗinsa, kuma kafin sati ya zagayo ya dawo da ƙ da ɗ da ɓ, ya zana su ɗigo-ɗigo har suka fito a allon da lanƙwasarsu.

Daga nan muka zama mu biyu, daga nan kuma muka fara saɓani kan abin da za a sa a gaba. Shi ya ce a fara koya wa manhajar adana abu, domin a lokacin duk abin da ka rubuta, da an kashe kwamfutar ya tafi. Ni kuwa hankalina yana kan wani abu da na gani a manyan manhajoji yana burge ni: mutum ya buga umarni guda, ƙaramar manhajar da yake so ta sauko ta zauna, tare da duk wasu da take buƙata kafin ta yi aiki. Na raɗa wa nawa suna Rumbu. Kowace ƙaramar manhaja na kira ta ƙunshi. Ka rubuta "ɗebo", ka sa sunan ƙunshin, Rumbu ya duba wa ke jingine da wa, wane ne sabo wane ne tsoho, ya jera su bi da bi.

"Ƙunshi kuma?" in ji shi. "Mi ya yi zafi? Ina amaryar da za a sa ma lallen?"

Na ce masa ɗan mace ba zai gane ba. Hujjata ita ce, in ba a kafa tsari tun abin yana ƙarami ba, nan gaba kowa zai cusa nasa yadda ya ga dama, a wayi gari an rasa kan zaren. Har yau ban ce wannan magana ƙarya ce ba.

Damina ta shigo ta same ni a kan Rumbu. Shi kuwa ya je ya rubuta ɓangaren adanawar shi kaɗai, tsakanin aji da gonar Gwaggo, ya kawo mini a filash. Na ce ba zan haɗa ba sai an naɗe shi ƙunshi ya bi ta Rumbu kamar kowa, kuma Rumbun da saura kaɗan. Ya ce, "Injiniya, rumbun nan naka hwa ba ko zangarniya a ciki. Haɗa wanga tukuna." Na yi dariya na jefa filash ɗin a aljihun tebur. Abin da ke tsakanin taubasai ke nan: in mutum ya saba zuba maka gaskiya da shaƙiyanci a kwano ɗaya, ranar da ya kawo gaskiyar zalla ba ka bambance ta.

Ashe ya daɗe yana ba abokan aikinsa labari. Ya ce musu shi da ɗan kawunsa suna gina manhajar da ke rubuta Hausa daidai, ba sai an bi takardar jarrabawa da biro ana lanƙwasa haruffa ba. Suna yi masa kallon mai cika baki, shi ya sa ya matsa in zo in nuna musu da idonsu. Na yarda da murna, don a raina Rumbu zan je nunawa.

Na isa Kusada da hantsi, laftof a jakar goyo. Aka tayar mana da janareta, malamai suka kewaye tebur a ofishinsu. Na buga "ɗebo rubutu". Layuka suka yi ta gangarowa: rubutu na buƙatar haruffa, haruffa na buƙatar allo, an ɗebo, an ɗebo, an gama. Na ɗaga kai ina jiran a yaba. Wani ya ce, "To," wani ya duba wayarsa.

Malamar Hausa ce ta ja kujera. Dattijuwa ce, da tabarau a kan hanci. Da yatsa ɗaya ta danna inda taubashina ya nuna mata, ƙ ta fito. Ta sake dannawa. Sai ta gyara hijabi ta fara buga tambayoyin jarrabawar ajinta daga ka, a hankali, tana karanta kowace kalma a fili. Duk inda ɗ ko ɓ ta fito sai ta yi murmushi ta ce, "Kun gani ko." Ta daɗe a kai. Ni kuwa tun tana layin farko na san inda za a ƙare.

Da aka buga ƙararrawa ta cire tabarau ta dube ni. "Ɗana, adana mani, gobe in ƙarasa."

Ina da umarnin ɗebowa, da na sabuntawa, da na komawa tsohon ƙunshi in sabon ya ba da matsala. Ba ni da abin da zan danna mata. Da an kashe janaretan nan aikinta ya tafi, shi da duk abin da Rumbu ya ɗebo, don shi ma ba shi da inda yake ajiyewa. Na dubi taubashina na sadda kai. Na san an ba shi nama a baki, kuma na san a gaban jama'a ne ya fi iya ni.

Sai na ga ya nuna ni ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Malam ya gama nashi. Wurin adanawar ni aka ba, ban ida ba." Ya ciro waya ya ɗauki hoton allon, ya ce zai buga mata a kwamfutar makaranta kafin gobe.

Ofis ya kaure da dariya. Wani ya ce ai dama sun san shi, baki ya fi hannu. Wani ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri da ɗan uwan nan nawa, haka suke fama da shi. Malamar ma ta ce masa, "Kai dai ba ka rabo da shiririta." Ya yi ta dariya tare da su. Ni ina tsaye ina naɗe wayar caji. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma duk da haka bakina bai buɗu ba.

A gidan Gwaggo aka kawo mana tuwo. Na yi ta tsokanarsa don ya rama, na ce bawana yau ya yi abin kai. Ya ce, "Ci abinci, shina hucewa." Ya raka ni har bakin hanya, ya tsayar mini da mota, ya ce in gaida mutan gida.

Ina isa shago, ko takalmi ban cire ba na jawo aljihun tebur. Na haɗa aikinsa kai tsaye, ba ƙunshi ba Rumbu. Kafin a kira la'asar an gama. Na rubuta layi guda, na kashe laftof, na kunna, ga shi nan daram. Na ɗauki hoto na tura masa, na ƙara da zagi mai daɗi irin wanda ba ya bari ya kwana.

Ya gani nan take. Amsar ba ta zo ba sai can da yamma: "Madalla, Malam. Allah shi ƙara basira."