Rigar Goggo Dije

Riga na fara gani. Bana shekara sittin da uku ke nan da rasuwar Goggo Dije, ƙanwar mahaifina, amma in na tuna ta, rigar nan ce ke fara zuwa mini. Na iso gidanta a Lolo lokacin hutun makaranta, ba a daɗe da raba mana 'yan tutocin 'yancin kai ba, na tarar tana daka da riga a jikinta. Matan garinmu ɗaurin ƙirji suke yi a tsakar gida, balle da bazara. Kuma da hannun hagu kaɗai take ɗaga taɓarya.

Ni yarinya ce mai kunya, ba ni da aiki sai kallo. Na lura ta daina ɗora wa kanta kwandon kifi, tana kuma tsoma tsumma cikin ruwan ganye ta cusa ƙarƙashin riga. Rana ta uku ta kama ni.

"Ɗiyar ga, idonki ya cika gani," in ji ta. "Kar ki hwaɗa ma babanki."

Ta ce ciwon daji ne a nononta, kuma daji ba ya son ƙarfe: allura ko wuƙar likita ta taɓa shi, sai ya fusata ya bazu. Shi ya sa take tsallaka iyaka wajen wani mai magani a Dahomey, ta dawo a ranar. Asibitin Sakkwato kuwa sai an haye kogin Kwara cikin kwalekwale, a yi kwanaki ana jiran mota. Wata Bayarabiya mai atamfa kusa da rumfarta a kasuwa ta yi ta matsa mata ta je asibiti, Goggo ta ce ta ji da yadinta tukuna.

Ban faɗa ba. Kafin Baba ya sani, ciwon ya fashe. Ba ta ga kakar baɗi ba.

Goggo mace ce mai tambaya. Da a ce za ta dawo duniya yau, za ta shafa kwalta, ta jujjuya waya a hannu, sannan ta ce to ina maganin dajin? Sai in ce mata likita na iya cire shi in an zo da wuri, amma har yanzu a birni yake, kuma mai gona ɗaya sai ya sayar da ita kafin ya kai matarsa. Me ya hana a duba mata a nan, ranar kasuwa, bayan labule, da hannun mace 'yar'uwarsu? Na san za ta tambaya. Zancen ƙarfe ma ina jin sa a garinmu Kende har gobe.

Abin da ta bar mini shi ne idon nan. Makon jiya na ji ɗan ƙullutu a nonona ina wanka, na kuma kama kaina ina neman riga mai kauri. Da jikata Hadiza, ma'aikaciyar jinya, ta zo gaishe ni, na ce:

"Rufe ƙofa, ki wanke hannu, ki zo ki duba ni. In kin ji wani abu, ki faɗa wa babanki yau."