Kaucin da Ya Hau Gawon Kaka

A ƙauyenmu na arewacin Agiye, lokacin sanyi, da an ci tuwo sai Kaka Hajo ta hura wutar karan gero a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta ƙona ɗanyen itace. Duk wanda ya karyo reshe, ranar ba shi ba tatsuniya, sai dai ya saurara daga bayan rumbu. Ita ta raini itatuwan gawo na gonakin gabas tun suna toho. In maza na sassabe, takan bi su da sandarta tana cewa, "Ku bar wanga, ɗana ne."

Mukan tsokane ta cewa ta fi son gawo da mu. Sai ta ce, "Gawo na kakkaɓe ganyenshi da damina don gero ya sha rana. Ku mi kuka taɓa kakkaɓewa, in ba ƙwaryar fura ba?"

Tatsuniyar da na fi riƙewa ta tsuntsu da gawo ce. Ta ce ga ta nan, muka ce ta iso. Wai wani ɗan tsuntsu ya sauka kan gawo yana zuba masa yabo, bai taɓa ganin inuwa irin tasa ba. Gawo ya ji daɗi, ya ce ya huta. Da zai tashi sai ya goge baki a reshe, ya bar ƙwaya. Ƙwayar ta tsiro kauci, wannan tsiron da ke kafa saiwa cikin jikin wani itace. Da rani awaki suka zo tsintar 'ya'yan gawo kamar kullum, kauci ya leƙo ya ce, "Wa ya ba ku izini?"

"Sannan, Kaka?"

"Ƙurunƙus, ta ƙare. Ku tashi ku kwanta."

Haushi nake ji, tatsuniya ba ƙarshe.

Bayan rasuwarta, baƙi suka zo cikin farar mota. Suka ɗauki hoton itatuwan, suka ce mu abin koyi ne, muka dama musu fura. A gaban mai gari suka rantse cewa wurin namu ne har abada. Ba a daɗe ba aka kewaye shi da waya, wai don a kiyaye shi. Ba wanda ya tambaye mu.

Bara mahaifiyata ta sunkuya ta ƙarƙashin wayar ta tsinto wa awakinta 'ya'yan gawo. Mai gadi ya karɓe buhun, ya ce, "Inna, wa ya ba ki izini?" Ta dawo gida hannu wofi. Amma ba zancen buhun ta yi ba, cewa ta yi ta ga sabbin kututturai a ciki. Wannan cin amana har yau yana ci mini rai, don a cikin wayar babu mai sandar da zai ce a bar wanga.

Yanzu ni ke hura wutar. Rannan na yi wa 'ya'yana tatsuniyar, ƙaramar ta ce, "Sannan, Baba?"

Na dubi gabas, na ce su tashi su kwanta.