Baba da Tafiyar da Babu Wurin Zuwa

A shekarar da soja suka koma bariki, gari ya cika da hotunan 'yan siyasa har a jikin masallatai, a shekarar ne likita ya ce jinin mahaifina ya hau. Ni na kai shi asibiti, don ni ne ɗan fari, ni ne kuma na yi boko a gidan har nake koyarwa a wata sakandare. Likitan ya rubuta magani, ya hana gishiri, sannan ya faɗi abin da ya jefa ni wahalar wata da watanni. Wai Baba ya riƙa tattaki kullum, in ba haka ba wata rana za a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye.

Baba ya ce, “Tattaki zuwa ina, likita?”

“Ba sai ka je ko'ina ba, Baba. Ka fita kawai, ka yi ta tafiya har ka ji gumi, ka dawo gida.”

Baba ya gyara hularsa, ya yi godiya. Sai da muka fito ya ce, yana kallon wani wuri daban, “Wannan likitan da sauransa. Mai tafiya babu wurin zuwa ai mun san sunansa a garin nan.”

Mahaifina mai ɗinkin hannu ne, aikin babbar riga. Tun kafin a haife ni yake zaune a kan buzu ɗaya a zauren gidanmu na Mandawari, allura a hannu, rediyo a gefe. Masallaci a jikin gidan yake. Iyakar tafiyarsa a duniya ke nan, daga buzu zuwa sahu, daga sahu zuwa buzu. Tsakanina da shi kuma akwai kunyar ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, “kai” ne kawai, kuma ko magana zai yi mini sai ya kalli bango. To ka ga wanda aka ɗora wa aikin fitar da shi motsa jiki!

Na fara da sayo masa takalman kambas. Ya juya su, ya leƙa ciki, ya tambayi bango ko an sa shi a ƙwallo ne. Daga ranar suka hau saman katangar soro. Da ƙyar da siɗin goshi, da sa bakin mahaifiyata, ya yarda ya zura takalminsa faɗe mu fita bayan la'asar mu zaga unguwa.

Wallahi ban taɓa sanin lungunmu yana da mutane haka ba. Ko ƙofar maƙwabci ba mu wuce ba aka fara: “A'a, Malam, lafiya? Ina zuwa? Wa ya rasu?” Kowa sai ya tashi, sai an yi musabaha, sai an tambayi gida da iyali da gajiya da ruwan jiya, sannan a koma kan tambayar nan dai, ina zuwa. Baba kuwa ba ya ƙarya, amsa kuma babu, sai ya nuna ni da haɓa ya ce, “Ku tambaye shi.” Ni kuma in tsaya ina bayanin hawan jini kamar mai tallan magani a tasha. Wani ya shimfiɗa tabarma, wani ya kawo ruwa, wani ya ɓaro goro. Muna cikin haka sai ga wani magidanci da ya taɓa koyon ɗinki a wurin Baba, yanzu yana acaɓa da babur ɗin da wani ɗan takara ya raba. Ya taka birki har ƙura ta tashi.

“Subhanallahi! Baba a ƙasa? Ina raye?”

Na ce masa likita ne ya ce. Ya ce ai likita bai san wane ne Baba ba. Na ce don Allah ya bar mu. Ya rantse, ya kuma rantsewa, ya ce in Baba bai hau ba shi bai yi arzikin sana'a ba. Ina ji ina gani mahaifina ya tattare riga ya hau, aka mayar da shi ƙofar gidan da ana hango ta daga inda muke tsaye. Ni na koma a ƙasa, ina huci.

Washegari da hantsi sai ga Gwaggo, yayar Baba, ta zo tun daga Zaitawa. Ko mayafi ba ta sauke ba ta hau ni. Wai labari ya kai mata an ga ƙaninta yana gararamba a lungu, wasu na cewa 'ya'ya sun gaza, wasu na cewa ruɗewar tsufa ce ta fara. “Kai da bokonka ka rasa inda za ka gwada shi sai a kan ubanka? Za ka mayar mana da shi abin nuni?” Na buɗe baki zan ce hawan jini, ta ce in rufe mata shi.

Sai na ce to, a bar unguwa, a je inda aka san ana zuwa don tafiya kawai. Ranar wata Asabar na kai shi dutsen Dala. Abin haushi, mutumin nan a garin aka haife shi, kullum in ya ɗaga kai dutsen yake gani, amma ƙafarsa ba ta taɓa hawa ba. Muka tsaya a gindin matakalar. Yara na ta tsere sama da ƙasa, ga wasu 'yan makaranta da malaminsu, ga wani Bature ya yi jawur yana share wuya. Na ce, “Baba, a hankali za mu hau. Daga sama ana ganin duk birni, har unguwarmu.”

Ya ce wa matakalar, “Unguwar da na fito daga cikinta yanzu? Ita zan hau dutse in gani?”

Ya sami inuwa ya zauna. Kafin in gama lallashi wani dattijo mai jimar fata ya gane shi, abokinsa ne tun makarantar allo, gidansa a nan gindin dutsen. Aka rungume juna, aka shimfiɗa buzu. Haushi ya sa na haye ni kaɗai da sassarfa, na tsaya a can sama ina haki. Kyau kam akwai kyau, ga rufin soraye da hasumiyoyi, ga guntayen badala can nesa, ga iska mai daɗi. Amma ni ƙasa kawai nake leƙe, ina hango farar hular mahaifina ba ta motsi. Da na sauko na tarar an kawo musu dambu da yaji, gishiri har ƙyalli yake yi. Kai, ranar kamar in yi kuka!

Ban daddara ba. Wani abokin aikina ya ba ni labarin lambun shaƙatawa a wajen gari, mai ciyawa da itatuwa da 'yar hanya da aka shata don masu zagaye. Na ɗauki shatar tasi muka je. Rabin lambun 'yan jam'iyya sun kafa rumfa suna taro, lasifika na ihu. Ɗaya rabin kuwa samari ne da 'yan mata bibbiyu a ƙarƙashin bishiyoyi, da mai hoto yana bin su. Baba ya yi a'uziyya, ya sunkuyar da kai, ya lallaɓa benci mafi kusa da ƙofa ya zauna ya fito da carbi. Wani Alhaji mai tumbi ya wuce mu sanye da gajeren wando yana wurga hannuwa. Na ce, “Baba, ka gani? Ga babban mutum yana yi.”

Ya ce, “Allah ya ba shi lafiya.”

Can ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, “To, mun shaƙata.” Haka muka sake hawa tasi muka koma gida.

Bayan 'yan makonni abin da nake tsoro ya leƙo. Wata safiya allura ta faɗi daga hannunsa, ya kai hannu zai ɗauka yatsun suka ƙi. Bakinsa ya ɗan karkace, maganarsa ta yi nauyi. Kafin azahar abin ya sake shi, amma likita ya ce gargaɗi ne, na gaba ba lallai ya saki ba. Ya tambaye ni ko ana tattakin. Me zan ce masa? Na ji tsoro ƙwarai, tsoron in ga hannun nan da ya ciyar da mu yana reto a gefe. Na kuma ji haushinsa, haushi na gaske, mutum yana ganin rami ya ƙi kaucewa don kada a ce.

Cikin masu zuwa dubiya har da mai jimar nan na gindin Dala. Ya ji bayanin likita daga bakina. Suka yi hira har la'asar ta yi sanyi, ya ce zai koma. Baba ya zura faɗe ya ce, “Bari in taka maka.” Wannan ba sabon abu ba ne, baƙo ba ya tashi a bar shi ya fita shi kaɗai. Ana taka masa zuwa bakin lungu, shi kuma ya ce, “Malam, a koma haka,” a yi sallama.

Na zauna ina jira. Shiru, shiru. Hankalina ya tashi na bi bayansu. Na hango su can gaba suna tafe suna musu a kan ko farar hular nan za su kai labari ko soja za su dawo. Masu zaman ƙofar gida suna ɗagowa: “Malam, ina zuwa?” Baba ya ɗaga hannu ya ce, “Rakiya nake.” Shi ke nan fa! Babu mai tashi, babu tabarma, babu goro. Sai dai ka ji, “To, a dawo lafiya.” Hatta mai acaɓar nan ya zo wucewa, ya rage gudu, ya ga rakiya ce, ya rusuna daga kan babur ya yi gaba.

Haka na bi su lungu-lungu, ta bayan kasuwa, har gindin Dala. A ƙofar gidan mai jimar suka tsaya, sai na ga ya juyo ya ce ai ba zai bar Malam ya koma shi kaɗai ba, bari shi ma ya taka masa. Suka sake ɗauko hanya. Baba ya iso gida ana kiran magariba, rigarsa ta jiƙe sharkaf a baya.

Ni kuwa haushi ya ishe ni. Kambas ɗina, shatar tasina, zagin da na sha wurin Gwaggo, ashe duk abin da ake bukata baƙo ne! Na ce wa mahaifiyata, “Yanzu wannan ba tattaki ba ne?” Ta ce, “Rufa wa kanka asiri, kada ka kuskura ka kira shi da wannan sunan a gabansa.”

Washegari mai jimar ya dawo, kwana na biyu ma haka. Ba ya fashi sai Juma'a. Jinin Baba ya sauka, har likita ya yaba mini, ni da ban yi komai ba. A cikin shekarun na yi aure na tare a Zaitawa, aka yi wani zaɓen, soja ba su dawo ba, su kuwa musunsu bai ƙare ba.

Sai mai jimar ya rasu, bayan 'yar gajeriyar jinya. Aka share makoki, Baba ya koma kan buzunsa. La'asar ta yi, ta wuce, yana zaune. Ƙafafunsa suka fara kumbura, na auna jinin na ga ya fara komawa gidan jiya. Na sake tayar da maganar tattaki, ya tambayi bango, “Zuwa ina?” Na rasa yadda zan yi da mutumin nan. Baƙi suna zuwa, yana taka musu, amma a bakin lungu kowa yake cewa a koma haka, shi kuma ya koma.

Wata ranar Laraba na taso daga makaranta na biya. Maimakon in wuce cikin gida kamar kullum, sai na tsaya a ƙofar zaure na yi sallama. Ya amsa yana mamaki. Na cire takalmi na zauna a inda baƙi suke zama, na gaishe shi, na tambayi gida da iyali da gajiya, kamar ba a ɗakin da ke bayansa aka yanke mini cibiya ba. Na san uba ba ya raka ɗansa, balle ɗan fari. Duk da haka na miƙe na ce, “To Baba, ni zan koma.”

Ya daɗe yana kallon ɗinkin da ke cinyarsa. Sannan ya soke allurar a jikin rigar, ya jawo faɗensa.

“Bari in taka maka.”

Muka fito. “Malam, ina zuwa?” Ya ce, “Rakiya nake.” Suka dube ni, suka dube shi, suka ci gaba da hirarsu. Muka kai bakin lungu, ya rage tafiya yana jira. Na yi gum. Muka wuce masallacin gaba, muka wuce masu ƙosai, ya sake rage tafiya. Na kafe idona a hanya.

Can ya ce, “Kai ba ka iya cewa a koma haka ba ne?”

Na ce, “Ban iya ba, Baba.”

Muka yi 'yar tafiya. Sai ya juyo ya kalle ni, ni ɗin, ba bango ba.

“Shi ma marigayin bai taɓa iyawa ba,” in ji shi. “Ku duka kun ɗauka ban gane ba.”

Ya gyara rigarsa a kafaɗa ya wuce gabana, sai da na ɗaga ƙafa na cim masa.